Filin Tambayoyin Masu Karatu: Salad ɗin Dankalin Turawa Irin na Jamus

Wasiƙun da suka iso mana a wannan watan da yawansu sun taru ne a kan abinci ɗaya, wato salad ɗin dankalin Turawa wanda Jamusawa ke kira Kartoffelsalat, saboda haka na ware shafin gaba ɗaya dominsa. Na taƙaita wasu wasiƙun, na kuma haɗe waɗanda tambayarsu ta zo iri ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Hajiya. Wata abokiyar aikina da ta daɗe a Jamus ta ba mu salad ɗin dankali mai ɗan ɗumi, mai tsami kaɗan, kuma babu mayonis a cikinsa ko ɗigo. Da na nemi yadda ake yinsa sai na tarar wasu suna zuba mayonis, wasu kuma suna cewa mai zuba mayonis bai san abin da yake yi ba. Don Allah wanne ne na asali, kuma yaya zan yi irin wanda na ci? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Dukansu biyun na asali ne, kuma gardamar da kika tarar ta girme mu, domin su kansu Jamusawan ba su gama ta ba. A arewacin ƙasar, wajen Hambug da Balin, mayonis ne ya fi yawa, ana kuma cin salad ɗin da sanyinsa. A kudu kuwa, wato Babariya da yankin Suwabiya da ke kewaye da birnin Shtutgat, har zuwa maƙwabciyarsu Ostiriya, romon nama da ruwan khal (wato binega) da mai da mustad (wani kwaɓi mai ɗan yaji da ake sayarwa a kwalba) ake haɗawa, a ci shi da ɗumi-ɗumi ko bayan ya huce a ɗaki. Wanda kika ci na kudu ne, kuma a ganina shi ya fi cancanta a fara koya, saboda ba shi da inda zai ɓoye kuskure: mayonis yana rufa wa dankalin da bai ji gishiri ba asiri, romo kuwa ba ya rufawa.

Don mutum huɗu zuwa shida, ki tanadi dankali kilo 1, albasa matsakaiciya guda 1, romon naman sa mililita 250, ruwan khal babban cokali 4 zuwa 5, mustad babban cokali 1, gishiri ƙaramin cokali 1, sukari ɗan kaɗan da bai kai rabin ƙaramin cokali ba, masoro gwargwadon buƙata, man girki mara ƙamshi kamar na kanola babban cokali 4 zuwa 5, da siririn lawashi don yayyafawa a sama. Ruwan khal ɗin ya kasance irin na girki da aka saba, mai tsamin kashi 5 cikin 100, ko fari ko na tuffa.

Ki wanke dankalin da kyau, kada ki fere shi, ki zuba shi a tukunya da ɓawonsa, ki zuba ruwan sanyi har ya rufe shi, ki sa gishiri, sannan ki ɗora a wuta. Dalilin farawa da ruwan sanyi shi ne zafi ya ratsa dankalin a hankali daga waje zuwa ciki, domin idan aka jefa shi a tafasasshen ruwa, bayansa zai yi luguf alhali tsakiyarsa tana nan da tauri. Ɓawon kuma yana hana shi shan ruwan dahuwa, kuma wannan yana da muhimmanci ƙwarai, saboda ana so dankalin ya fito daga tukunya da ƙishirwarsa don romo ya samu wurin shiga. Bayan ya tafasa ki rage wuta, ki ba shi minti 20 zuwa 25 gwargwadon girmansa, har sai bakin wuƙa ya shige tsakiyarsa ba tare da turjiya ba. Idan ɓawon ya fara tsagewa, to an zarce.

Kafin dankalin ya dahu, ki yanka albasar ƙanana sosai da wuƙa mai kaifi, ki ɗora romon ya tafasa, ki zuba albasar a ciki ta yi minti 2 zuwa 3, sannan ki sauke ki zuba ruwan khal da mustad da gishiri da sukari da masoro, ki motsa. Ki ɗanɗana. Ya kamata ki ji gishiri da tsamin sun ɗan wuce yadda kike so, domin dankali kilo guda zai shanye ƙarfinsu.

Da zarar kin tsame dankalin, ki bar shi ya sha iska na kamar minti 10, daidai lokacin da hannu zai iya riƙe shi, sannan ki ɓare ki yanka shi zagaye-zagaye, siriri, kauri milimita 3 zuwa 4, kai tsaye cikin babban kwano na tangaran ko gilashi. Ki guji kwanon alminiyam, domin tsami yana cinsa kuma yana canza ɗanɗanon abinci. Daga nan sai ki zuba kusan rabin romon yana da zafinsa, ki juya a hankali, ki rufe, ki jira minti 10. Za ki ga romon ya ɓace. Ki ƙara wani, ki sake jira, haka har dankalin ya daina sha ya fara barin ɗan ruwa a ƙasan kwano. Wani dankalin zai shanye mililita 250 ɗin duka har ya nemi ƙari, wani kuma zai ƙoshi tun da saura, don haka ido ne ma'aunin, ba abin da na rubuta ba. Sai bayan kamar rabin awa ne za ki zuba mai, ki juya, ki sake ɗanɗanawa, ki gyara gishiri ko tsami, ki yayyafa lawashi.

Idan ya yi daidai, zai yi sheƙi, ya yi ɗan danƙo, yankan dankalin suna zamewa a kan juna amma ba su narke ba. Mutanen Suwabiya suna cewa salad ɗin kirki sai ya yi magana, suna nufin ƙarar caɓal-caɓal da yake yi idan an juya shi da cokali. Wanda aka juya aka ji shiru, to ya bushe, romo yake nema.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Jamus, kuma sau da yawa nakan gwada wannan salad ɗin a ɗakin girkin gidan ɗalibai, amma duk lokacin da na juya shi sai dankalin ya farfashe ya caɓe gaba ɗaya. Ina ne nake kuskure? Daga ɗanki mai karatu a Jamus.

AMSA: Ɗana, ina kyautata zaton kuskuren tun a kanti ya faru, kafin ka shiga ɗakin girki. Dankalin Turawa ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai yawan sitaci, wanda idan ya dahu ƙwayoyin jikinsa sukan kumbura su rabu da juna, sai ya yi gari-gari. Irin wannan shi ya dace da daka ko miya mai kauri. Akwai kuma mai ƙarancin sitaci, wanda ƙwayoyinsa ke riƙe da juna bayan dahuwa, ana iya yanka shi siriri ya tsaya da siffarsa, kuma shi ne dankalin salad.

Kai da kake Jamus an sauƙaƙa maka aikin, domin a can ana rubuta nau'in a jikin buhu ko ragar da aka zuba dankalin. Ka nemi wanda aka rubuta wa festkochend, galibi da alamar kore, shi ne mai tsayawa. Wanda aka rubuta wa vorwiegend festkochend, mai alamar ja, tsaka-tsaki ne, za ka iya amfani da shi idan ka kula da dahuwarsa. Wanda aka rubuta wa mehligkochend, mai alamar shuɗi, shi ne mai gari, kuma ina tsammanin shi kake saya. Daga cikin irin da suka yi suna wajen salad akwai Sieglinde da Linda da Annabelle da Nicola da Belana, sai kuma wani ɗan siriri mai lanƙwasa daga yankin Bambag da ake kira Bamberger Hörnchen, wanda ɓare shi yana cin lokaci amma ɗanɗanonsa yana biyan wahalar.

Ga sauran masu karatu da ke sayen dankalin da babu rubutu a jikinsa, akwai gwajin da za a iya yi a gida. A narkar da gishiri kimanin giram 120 a ruwa lita 1, a jefa dankali ɗaya a ciki. Mai yawan sitaci ya fi nauyi, don haka yakan nutse, mai ƙarancin sitaci kuma yakan taso sama. Gwajin ba ma'aunin ɗakin bincike ba ne, amma yana raba na salad da na daka. Bayan haka, ƙananan dankali sabon haƙa, masu siririn ɓawo da santsin jiki, sun fi tsayawa a dahuwa fiye da manya masu kaurin ɓawo. A kuma zaɓi masu girma ɗaya, don kada ƙananan su narke ana jiran manyan.

Idan kuwa ka tabbatar nau'in da ya dace ka saya, to saura abu biyu: ko ka bar shi ya wuce lokaci a wuta, ko kuma kana juya shi da ƙarfi. Ka yi amfani da faffaɗan cokali, ka riƙa ɗago na ƙasa zuwa sama sau biyu ko uku kawai a kowane zubi. Kada kuma ka damu idan gefen wasu yankan ya ɗan gutsure, domin sitacin da ya fita daga nan ne yake haɗuwa da romo da mai ya ba da danƙon da ake nema. Abin da ba a so shi ne a rasa yanka ko ɗaya da za a iya ɗauka da cokali mai yatsu.

TAMBAYA: Salamu alaikum, Anti. Nawa salad ɗin bai farfashe ba, amma ruwan yana kwanciya a ƙasan kwano, dankalin kuma salam, kamar ba a sa masa komai ba. Washegari ma albasar sai ta yi wani ɗaci. Na haɗa mai da khal da romo a kwalba na girgiza, sannan na zuba a kan dankalin da na dafa tun da safe. Daga wata amarya.

AMSA: Wa alaikumus salam, amarya, Allah ya sanya alheri. Wasiƙarki ta kawo amsar da kanta, domin abubuwa biyu da kika ambata a ƙarshe su ne suka hana salad ɗin yin daɗi, kuma su ne ginshiƙin wannan girkin gaba ɗaya.

Na farko, dankalin ya huce. Lokacin da dankali yake da zafi, sitacin da ke cikinsa a kumbure yake kuma a buɗe, yana karɓar duk ruwan da ya taɓa shi tare da gishiri da tsamin da ke ciki. Idan ya huce, sitacin yakan sake ɗaurewa ya yi tauri, fuskar yankan ta rufe, sai romo ya riƙa zamewa ta kansa yana gangarawa ƙasa. Shi ya sa na ce a ɓare shi tun yana ƙona yatsa kaɗan, a kuma zuba romon da zafinsa. Wanda hannunsa ba ya jure zafi ya soke dankalin da cokali mai yatsu ya riƙe, ya ja ɓawon da ƙaramar wuƙa. Idan dole ta sa kika dafa tun da safe, to ki tabbatar romon yana tafasa lokacin da za ki zuba, ki rufe kwanon, ki kuma ƙara masa lokacin jira zuwa awa guda. Zai gyaru, ko da yake ba zai kai na mai zafi ba.

Na biyu, kin sa mai tun farko. Girgiza mai da khal a kwalba dabara ce mai kyau ga salad ɗin ganye, amma a nan illa take yi, domin mai yana lulluɓe kowane yanka da wani siririn rufi wanda ruwa ba ya ratsawa. Da zarar ya riga romo isa jikin dankalin, to ya toshe hanya. Saboda haka tsarin ba ya canzawa: romo da khal da gishiri su fara shiga, a ba su lokaci, mai ya zo a ƙarshe ya rufe abin da ya riga ya shiga. Mutum zai iya canza yawan khal, ya bar mustad, ya ƙara kokwamba, salad ɗin ya ci gaba da zama na kirki, amma idan ya juya wannan tsarin babu kayan haɗin da zai cece shi.

Batun albasa kuma, ɗanyar albasa da aka yanka tana sakin sinadarai masu sulfa, waɗanda ke ƙara gafi da ɗaci idan ta daɗe a ajiye, musamman idan an niƙa ta ko an yanka da dakusasshiyar wuƙa mai murƙushe ta. Tsoma ta a tafasasshen romo na 'yan mintoci yana kashe wannan gafin ya bar zaƙinta, yana kuma sa salad ɗin ya fi jure ajiya.

TAMBAYA: Hajiya, na ga a wurare da dama ana cewa salad ɗin Jamus sai da naman alade da aka soya. Mu da ba ma ci fa, mun rasa ke nan? Daga wani magidanci.

AMSA: Ba ku rasa komai ba, Malam. Gaskiya ne a wasu gidajen Jamus, musamman a kudu, ana soya ƙananan yankan kitsen alade mai hayaƙi a zuba, kuma wannan salon ne ya yi ƙarfi a Amurka, inda Jamusawa masu yawa suka yi ƙaura a ƙarni na 19. Abin da Amurkawa ke kira salad ɗin dankali na Jamus galibi mai zafi ne, da naman alade da khal da sukari mai yawa. Amma irin na Suwabiya da na bayyana a sama, da irin na birnin Biyana a Ostiriya, ba su dogara da shi ba, romon naman shanu ne ke ɗauke da ɗanɗanon. Wanda yake son ƙamshin hayaƙin zai iya soya ƙananan yankan naman sa ko na talotalo da aka kyafe, ya zuba su tare da mai a ƙarshe.

Abin da ya fi buƙatar kulawa shi ne kayan da ake saya a haɗe. Tsiran da Jamusawa ke ci da wannan salad ɗin, irin su Wiener da Bockwurst, yawanci akwai alade a cikinsu sai dai idan an rubuta na sa ne ko na kaji zalla, haka nan salad ɗin da ake sayarwa a roba wani lokaci yana zuwa da nama a ciki. Idan aka dafa romon a gida da ƙashi da naman sa, da karas da albasa, an huta da wannan binciken, an kuma samu romo mai jiki wanda ke ƙara wa salad ɗin sheƙi. Romon kaza ko na kayan lambu ma yana yi. Dunƙulen ɗanɗano da aka narkar a ruwan zafi zai fitar da mutum kunya ranar da babu lokaci, sai dai a rage gishirin da za a ƙara, domin dunƙulen ya riga ya zo da nasa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidana ya fi son mai mayonis. Yaya ake yin na arewacin Jamus ɗin, kuma me ya bambanta shi da zuba mayonis a kan dafaffen dankali kawai? Daga wata uwargida.

AMSA: Wa alaikumus salam, uwargida. Abin da ya bambanta su shi ne tsami da ɗan abin taunawa. Na arewa yana tafiya ne da ƙananan kokwamba da aka jiƙa a ruwan khal, kuma waɗanda suka fi suna su ne na yankin Spreewald da ke kudu maso gabashin Balin. Ga dankali kilo 1, ki yanka irin wannan kokwambar guda 4 ko 5, tuffa mai tsami guda 1, dafaffen ƙwai 3, da albasa ƙarama wadda aka tsoma a ruwan zafi. Mayonis giram 150 ya isa, ki sassauta shi da yogot mara sukari giram 100 da mustad ƙaramin cokali 2.

A nan ma ina ba da shawarar a ari dabarar mutanen kudu. Tun dankalin yana da ɗumi ki yayyafa masa babban cokali 5 ko 6 na ruwan da ke cikin kwalbar kokwambar, da ɗan gishiri, ki bar shi ya sha ya huce sarai, sannan mayonis ya biyo baya. Kada ki zuba mayonis a kan dankali mai zafi, domin zai tsinke ya koma mai. Bayan kin haɗa, ki rufe ki sa a firji na aƙalla awa 3, ki fito da shi kamar minti 20 kafin a ci, saboda sanyi mai tsanani yana danne ɗanɗano. A wannan salon an yarda a yanka dankalin da ɗan kauri, ko ma a yi shi murabba'i.

TAMBAYA: Hajiya, za mu yi taron mutum kusan 30, kuma ina so in yi wannan salad ɗin tun daren jajibiri. An ce mini mayonis ne ke lalata ciki, don haka zan yi mai romo in bar shi a kan tebur. Hakan ya yi? Daga wata mai karatu.

AMSA: Bai yi ba, 'yar uwa, kuma na ji daɗi da kika tambaya kafin ranar. An daɗe ana ɗora wa mayonis laifin da yawanci ba nasa ba ne. Mayonis na kamfani yana da tsami sosai, kuma da ƙwan da aka riga aka kashe ƙwayoyin cutarsa ake yinsa. Wanda ake tsoro shi ne na gida da aka kaɗa da ɗanyen ƙwai, saboda ƙwayar salmonela. Babban haɗarin yana jikin dafaffen dankalin ne, domin abinci ne mai danshi, mara tsami, wanda aka ɓare aka yanka da hannu bayan ya sauka daga wuta, ba kuma za a sake dafa shi ba. Ƙwayar cutar stafilokokas da ke zama a fatar mutum da hancinsa tana iya sauka a kansa, ta hayayyafa a ɗumi, ta bar gubar da ke sa amai cikin 'yan awoyi, kuma ba a gane ta da wari ko ɗanɗano. Khal ɗin da ke cikin mai romo yana rage wannan haɗarin, amma bai isa ya kawar da shi ba, balle ga shi an ƙara romon nama.

Ƙa'idar da hukumomin kula da lafiyar abinci ke bayarwa ita ce kada irin wannan abincin ya wuce awa 2 a wajen firji, idan kuma zafin wurin ya haura digiri 32 a ma'aunin Salshiyas, awa 1 ne kawai. Saboda haka ki wanke hannu sosai kafin ɓarewa, kada mai rauni a yatsa ya taɓa shi, kuma da zarar ya gama shan romo ki baza shi a faffaɗan mazubai marasa zurfi don ya yi saurin hucewa, ki sa a firji mai sanyin digiri 5 ko ƙasa da haka. Babban kwano ɗaya da aka cika maƙil yakan riƙe ɗumi a tsakiyarsa na tsawon awoyi ko da yana cikin firji. Ranar taron ki riƙa fitowa da shi kashi-kashi, kada ki zuba sabo a kan ragowar wanda ya daɗe a tebur.

Ga mutum 30, idan akwai wasu abincin tare da shi, dankali kilo 5 zuwa 6 zai wadatar, sai ki ninka sauran kayan daidai da haka. Ki ajiye kamar kofi biyu na romon a firji daban, domin salad ɗin da ya kwana yakan shanye ruwansa ya bushe. Da safe ki tafasa romon ki zuba kaɗan-kaɗan ki juya, zai dawo da sheƙinsa ya kuma cire masa sanyin firjin. Lawashi da ɗanyar kokwamba kuwa sai dab da kaiwa tebur. Da a ce ni ce, da safiyar taron zan yi shi, saboda mai romo bai taɓa kai daɗin da yake yi a awanninsa na farko ba.

TAMBAYA: Malama, ni malamin makaranta ne, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne jin cewa wannan abinci mai sauƙi shi Jamusawa da yawa ke ci a daren babban bikinsu. Gaskiya ne? Kuma dama can dankali abincinsu ne?

AMSA: Gaskiya ne, Malam. A daren 24 ga Disamba, jajibirin Kirsimeti, salad ɗin dankali da tsiran nama yana cikin abincin da aka fi ci a gidajen Jamus. Ana danganta hakan da cewa a al'adar coci kwanakin da ke gaban bikin lokacin tsantseni ne da rage ciye-ciye, ga kuma hidimar daren, don haka ake son abin da za a iya haɗawa tun da rana, a bar babban girki kamar gasasshiyar dinya zuwa 25 ga wata.

Dankalin kansa baƙo ne a Turai. Asalinsa tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka, yankin Peru da Bolibiya na yau, kuma Sifaniyawa ne suka kawo shi a ƙarni na 16. Manoman Jamus sun daɗe suna ɗari-ɗari da shi, har sai da Sarki Firedarik na Biyu na Furushiya, wata tsohuwar masarautar Jamusawa, ya yi ta fitar da umarnin a shuka shi don maganin yunwa, kuma umarninsa da ya fi shahara shi ne na shekarar 1756. Har yanzu masu ziyara suna ajiye dankali a kan kabarinsa da ke fadar Sanssouci a birnin Fotsdam. A sauran ranakun shekara kuwa, a Suwabiya ana cin salad ɗin da Maultaschen, wato ƙullin fulawa mai nama a ciki, a Biyana da soyayyen naman maraƙi da aka turbuɗa a garin burodi, a arewa kuma sau da yawa da soyayyen kifi. A Babariya sukan ƙara siraran yankan ɗanyar kokwamba, a jihar Shtayamak ta Ostiriya kuma man 'ya'yan kabewa ne, mai duhun kore, ke maye gurbin man da aka saba.

TAMBAYA: Hajiya, tunda da ɓawo ake dafawa, yaya zan yi da dankalin da ya yi kore ko ya fara tsiro? Sannan wata 'yar uwata ta aiko mini da kwalbar khal daga Jamus da aka rubuta wa Essigessenz, shi zan sa? Kuma ana iya daskarar da ragowar salad ɗin? Daga wata mai karatu.

AMSA: Koren da kike gani alama ce ta cewa haske ya taɓa dankalin, kuma a irin wannan yanayin yakan tara wata guba mai suna solanin a ɓawonsa da wajen tsiron, wadda dahuwa ba ta kashewa. Idan koren ɗan tabo ne, ki yanke shi da zurfi tare da idon tsiron kafin ki dafa; idan ya mamaye dankalin, ko ya yi yaushi da dogayen tsiro, ko kika ji ɗaci bayan ya dahu, ki zubar.

Wannan kwalbar kuma ki yi hankali da ita, ki kuma nisanta ta da yara. Tsaminta kashi 25 cikin 100 ne, ninki biyar na khal ɗin girki, kuma tana iya ƙona baki da maƙogwaro idan aka sha ta haka. Ki gauraya cokali 1 nata da cokali 4 na ruwa, abin da ya fito shi ne daidai da khal ɗin da na ambata a ma'aunin, daga nan sai ki auna cokali 4 zuwa 5 ɗinki.

Daskararwa kuwa ba ta karɓi wannan salad ɗin ba, domin ƙanƙara tana fasa ƙwayoyin dankalin, idan ya narke sai ya zubar da ruwa ya yi laushi mara daɗi, mayonis kuma ya tsinke. Ragowar da ba ta daɗe a tebur ba za ta iya kwana 2 a firji cikin mazubi mai murfi, wadda aka yi da mayonis na gida kuwa a cinye ta a ranar.